Faɗan da Ya Hana Ni Goge Aikina

Shekarun baya can, wajen ƙarshen mulkin soja, ina koyar da lissafi a wata sakandare a Gumel, sai aka tura ni Kano kwas ɗin kwamfuta. Na dawo ina jin kaina, har tafiyata sai da ta sauya. Makarantarmu kwamfuta ɗaya tal gare ta, tana ofishin shugaba an lulluɓe ta da zani saboda ƙura, kuma ni kaɗai ke da izinin yaye zanin.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya a lokacin shi ne jadawalin darussa. Duk farkon zango sai a yi ta rubutawa ana gogewa, ƙarshe a tarar an sa malami ɗaya a aji biyu lokaci guda. Sai na riƙa zama bayan an tashi, in an ci sa'a akwai wuta, ina harhaɗa abin da yau kuke kira manhaja, mu a lokacin furogiram muke cewa. Ka ba shi sunayen malamai da azuzuwa, ya fito maka da jadawali ba karo. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya biya ni, daɗin abin kawai nake ji.

Da ya yi aiki a wurinmu, zumuɗi ya ɗebe ni. Na kwafe shi a ƙananan faifai, na ba wani abokina direba da ke jigila da fijo tsakanin Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar da Gagarawa. Na ce duk shagon buga takardun da ya ga kwamfuta a ciki ya miƙa musu kyauta, tunda can hedimastoci ke kai aikinsu.

Daga nan shiru. In na tare shi a tasha na ce, "Yaya, me suka ce?" sai ya ce, "Sun gode."

"Shi ke nan?"

"To me kake so, su ɗauko maka maroƙi?"

Na ci gaba da gyare-gyare ina aika sabo, amsar dai ba ta sauya ba. Aka fi shekara a haka. Gaskiya abin ya yi mini ciwo, ko da yake ban gaya wa kowa ba. Na yanke wa kaina hukunci cewa faifan nan rufe kofin shayi ake yi da su, ni kuma ina nan ina ƙona idona a banza.

Ana gab da tafiya hutu shugaban makaranta ya kira ni. Ya ce wani injiniya zai zo daga Kano ranar Asabar ya wanke kwamfutar tas ya zuba mata sabon tsari, in akwai abin da nake so in kwashe. To uwar furogiram ɗin, wato rubutun da sai da shi ake iya gyara ko ƙari, a cikin injin nan kaɗai take. Abin da ke faifan da na rarraba gamamme ne, ba ya taɓuwa. In aka goge uwar, magana ta ƙare. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba abin da nake so. A goge."

Ana saura 'yan kwanaki, ina ɗakin malamai da rana tsaka, sai ga ɗan acaɓa ya sauke wata mata. Ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Wane ne mai furogiram ɗin jadawali a nan?" Malamai duka suka nuna ni da baki, kowa ya ja kujerarsa baya. Ashe 'yar Filato ce, tana da shagon buga takardu kusa da tashar Maigatari.

"Malam, kai ne? Don Allah kai ba ka san Alhamis ba?"

Na ce na san ta mana.

"Ba ka san ta ba! Alhamis kasuwar Maigatari ke ci. Rabin yara suna kara wajen dabbobi suna riƙe wa iyayensu igiyar awaki, saura suna taya awon hatsi. Abinka kuwa kullum sai ya jibga lissafi da Turanci ranar Alhamis. Wa za a koya wa, benci? Hedimastoci na zuwa mini daga Ɗanzomo, har daga Gagarawa Tasha, kowa da ranar kasuwar da ke kwashe masa yara. Duk zango sai na bi da biro ina gyarawa, in sake bugawa. Sau nawa zan aiko direban nan naka?"

Ni fa duk faɗan nan abu ɗaya kunnena ya kama: hedimastoci na zuwa. Ban san lokacin da bakina ya washe ba.

"Au, dariya ma kake yi?"

"Madam, ki yi haƙuri. Kina nufin ana aiki da shi?"

Ta dube ni kamar mai taɓin hankali. "In ba a aiki da shi me zai sa in rufe shagona in hawo babur cikin ranar nan? Da wahalarsa ma ya fi allo da alli sau dubu. Ka gyara shi kawai."

Da la'asar na je tasha na sami abokina yana wanke mota. Na ce ashe saƙo ake ba shi yana haɗiyewa. Ko a jikinsa. Ya ce, "Haba, kai ma ka sani. Mutum ya yi abu saboda Allah, in zo in zayyana masa aibunsa? Ina da kunya, wallahi."

"To yabon fa, shi ma kunyar ce ta hana?"

"Yabo ai an yi. Yaba kyauta tukuici, tukuici kuwa na ɗan aike ne. Zabin da na ci a Sule Tankarkar albarkacinka, Allah kaɗai ya san yawansu."

Na so in yi fushi, dariya ta ci ƙarfina. Me zan ce masa? Haka aka tarbiyyantar da mu duka, ba a kushe kyauta a gaban mai ita, godiya kuma ɗan aike ake danƙa wa.

Washegari da safe na koma wurin shugaba ina sosa ƙeya, na ce na janye maganata. Na kwashe uwar furogiram ɗin kafin injiniya ya iso, na kuma ƙara masa wurin da za a gaya masa ranar kasuwar gari, ya tura wasanni da aikin gona can.

Yanzu in na ga yaran nan da ke raba manhaja kyauta, nakan tuna zaman da na yi ina jiran kalma ɗaya. Mai aikin sa-kai ba albashi ke riƙe shi ba, sanin cewa akwai mutum a ɗaya gefen ne. Kawaicinmu abu ne mai kyau, amma ya kusa kashe aikin da ashe mutane suka dogara da shi, kuma ba maƙiyi ne ya kusa kashe shi ba, masoyi ne. In kuna amfani da abin da wani ya yi don Allah, ku neme shi da kanku ku gaya masa. In ya yi daɗi ku faɗa, in ya ba ku wahala ku faɗa, kada ku bar shi yana hasashe shi kaɗai.

Matar nan, har ta tattara ta koma garinsu bayan shekaru, ban taɓa jin ta ce mini sannu da aiki ba. Duk farkon zango dai sai ta sauka daga babur da sabon ƙorafi. Ni kuwa duk zuwanta sai na aika gida a yanka mata zakara.