Tantin da Na Toshe

Ranar Talata ce, tsakiyar sanyi. Bayan asuba na kwaɓa ƙasa zan gyara katanga. Inna, mahaifiyata, tana zaune a gindin rumbu tana jiran rana. Matata Saude tana dama koko, 'yarmu Hajara na goye a bayanta.

Da hantsi muka ji babura daga yamma. Ba na 'yan kasuwar Gwiwa ba ne, sun yi yawa. Sai harbi, 'yan bindiga na ihu:

"Ku kwanta! Ku fito da shanun!"

Matsiyata. Har rumbunan gero suka cinna wa wuta, abin da ba za su ci ba. Na goyi Inna, muka bi ta kwari. Azahar ta same mu cikin duwatsu. Bayan la'asar muka shiga Roni, ƙafafunmu na jini.

A wani fili aka ba mu tantin tamfol. Masu rabon suka ɗauki hotonmu, suka shige mota. Ba wanda ya tsaya ya nuna mana yadda ake kwana a ciki.

Ni magini ne. Abin da na sani, in sanyi ya zo, a toshe kowace kafa. Da magariba na bi gindin tantin da laka, na cusa tsumma a tagar sama. Saude ta shigo da tukunyar ruwan zafi don ɗumi.

Inna a rugar Fulani ta girma, ta san kwanan bukka. Ta ce, "Kai yaron nan, bar ta sama a buɗe. Numfashi ma ruwa ne."

"Ki yi mini shiru!"

Uwata na daka wa tsawa. Fushin 'yan bindigar na sauke a kanta.

Da asuba ɗigo daga rufin tantin ya tashe ni, kuma babu hadari. Bangon ƙasa yana shanye gumin ɗaki, tamfol ba ya sha. Bargonmu ya jiƙe sharkaf. Inna ta cire mayafinta ta naɗe Hajara, ita ta kwana cikin danshi.

Ban ɗauki darasi ba. Na ce raɓa ce ke shigowa, na ƙara leda a kai.

Ranar Alhamis tari ya kama Inna. Asabar da safe aka kai ta asibiti a Kazaure, ƙirjinta na ƙara kamar ana jan zarto. Ba ta dawo ba.

Mu huɗu muka baro gida, harsashi bai taɓa ko ɗaya ba. Yanzu mu uku ne. Tagar sama a buɗe take.