Ranar da Mai Gadi Ya Tare Uwar Ɗakinsa

Matata ce ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin kamfanin ɗinki. A can ba mai kiranta da sunanta, "Ba-Izini" suke ce mata. Ni da nake zaune da ita, ban ga laifinsu ba.

Adireshin kamfanin a intanet ba ya zama wuri ɗaya. Da an ɗauke wuta an kawo, sai ya canza. Shi ya sa ta ɗora wata 'yar manhaja mai sanar da sabon adireshin, don masu oda su riƙa samun shafin da sunan da suka saba. Ta kuma gindaya mata doka: fayil ɗaya za ta karanta, shi ma sai mai tambarin da aka amince da shi. Tsarin da ke tsare dokar take kira mai gadi, kuma tana alfahari da shi fiye da yadda take yi da ni. Abin yana ɗan cina.

Wata safiya shafin ya yi ɓatan dabo, oda ta tsaya cak. Maigidanta, mai kamfanin, ya zo kanta yana huci.

"Kashe mai gadin nan kowa ya huta, ko in nemo wanda zai kashe."

"Ranka ya daɗe, in na kashe shi, ɓarawon da ya samu kan manhajar nan ya samu gidan duka. A yi mini haƙuri zuwa tsakar rana."

Ta duƙufa bincike. Ashe jiya ta gyara fayil ɗin a jakar ajiyarta ta cikin kwamfuta, maimakon ta kwafa sai ta ɗauke shi ɗungurungum ta mayar. Ya tafi da tambarin jakarta, mai gadi ya ga baƙo ya hana karantawa, manhajar ta kasa sanar da sabon adireshin. Tana gyara tambarin, shafin ya dawo.

"To, wa ya jawo mana wannan?" in ji maigidan.

"Ni ce."

"Har ke ya hana?"

"Har ni."

Ya ce, "A bar shi. In da hali ma, a samo mini irinsa a ƙofar sito."

Ta dawo gida baki har kunne. Ban taɓa ganin wanda aka kama da laifi yana murna haka ba.