Yadda Na Dafa Bappana a Gidan Gaba

Motar da mahaifina ya bar mini akori-kura ce, tsohuwa tukuf, ta girme ni da shekara biyu. Da ita ya yi jigilar albasa daga fadamar Badaguishiri zuwa Ƙonni har ƙarfinsa ya ƙare, ni kuma na karɓi sitiyari da sabon parmi, wato lasin tuƙi, a aljihu. Gidan gaba kujera ɗaya ce doguwa, direba da mutum biyu in sun matsu. A garinmu ba a tambayar wa zai zauna nan. Babba namiji ke shiga, mata da sauran jama'a su hau baya kan buhuna. Babban gidanmu kuwa bayan rasuwar Baba shi ne bappana, yayan mahaifina, mutumin da ko tura motar bai taɓa taya mu ba amma kullum "motarmu" yake ce mata.

Bazarar da ta biyo bayan rasuwar, jiri ya matsa wa Inna. Likitan garinmu ya ce a kai ta Ƙonni. Na riƙo hannunta har bakin mota, sai na tarar da Bappa ya riga ya baje a gaba, carbi a hannu, wai zai je duba wani abokinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ƙasa da murya.

"Bappa, Inna ba ta da lahiya. Da ka bam mata gaba yau ɗai."

Ko kallona bai yi ba. "Yaushe anka hwara aza mata gaba, maza na baya? Shimhiɗa mata tabarma bisa buhu, iska ma ya hi kyau can."

Akwai wurin mutum ɗaya kusa da shi, amma mace ba ta haɗa kafaɗa da yayan mijinta, ya kuma san haka sarai. Inna ta zare hannunta daga nawa, ta taka taya ta hau baya. Ni kuwa cikin kunya na ja mota. Ba mu kai Tsarnawa ba na ji ana dukan rufin mota da tafin hannu. Na tarar da ita kwance kan albasa, leɓenta ya yi fari, mata na yi mata fifita da gyale. Bappa bai sauko ba. Leƙowa ya yi ta taga ya ce a yayyafa mata ruwa mu wuce, rana na yi.

Inna ta warke, ta manta, ko ta yi kamar ta manta. Ni ban manta ba. Shekara shida ina gaishe shi har ƙasa, ina kai masa buhun hatsi da kaka, zuciyata kuwa baƙi ƙirin. Ba sauke shi kawai nake so in yi ba, don gidan gaban nan ma tanda ne, zafin inji na hudowa ta ƙarƙashin ƙafa. So nake in mai da kujerar abin da ransa zai biya har yawu ya tsinke masa, sannan in zaunar da Inna a kai yana kallo, shi kuma in nuna masa buhuna. Har kalmomin da zan faɗa na tanada, ina maimaita su a hanya ni kaɗai.

A Ƙonni akwai wani mai gyaran firji, gajere mai sanƙo, da ya iya sa wa mota kilim, na'urar nan mai hura sanyi. Da na kai masa tawa sai da ya zagaya ta sau biyu yana dariya. Ya ce shi dai ya ga amarya da lalle, bai taɓa ganin kakar amarya da shi ba. Na ce ya yi aikinsa ya bar mini zancen. Na sayar da raguna biyu, aka kawo kayan daga tsallaken iyaka, an ciro su daga wata motar da ta yi hatsari.

Kwana tara motar ta yi a rumfarsa. Injinta ba a yi shi da wurin ɗaura kwamfuresa ba, sai da mai walda ya ƙera mata mazauni da guntun ƙarfe, aka lalata biyu kafin na uku ya zauna daidai da bel. Aka rataya wani siririn lagireto a gaban na asali, aka huda bangon da ke tsakanin inji da ɗaki aka zura bututu, aka ɗaure akwatin hura iska a ƙarƙashin dashbod, daidai gwiwar fasinja, maɓallinsa kuma kusa da gwiwar direba. Ran da aka ɗura gas aka kunna, sanyi ya fito, amma bai zauna ba. Ƙasan motar duk ramuka ne, ta wani ma kana ganin kwalta na gudu. Muka toshe su da gwangwani da tsohuwar robar taya.

Saura tagogi. Tun zamanin Baba abin murɗa gilashi ya mutu, gilasan sun nutse cikin ƙofa sun yi zamansu. Mai firji ya ce in ba so nake in sanyaya wa jihar Tawa gaba ɗaya ba, dole a rufe su. Ya kwance marfin ƙofa, ya ɗago kowane gilashi, ya tokare shi da itace daga ciki, ya mayar da marfin ya ɗaure. Ya gargaɗe ni cewa daga yau ba sauran buɗe taga, in kilim ya tsaya in buɗe ƙofa in fita kawai. Na ce na ji.

Labari ya riga ni isa gida. Yara da manya suka yi ta zuwa sa hannu a bakin akwatin. Bappa ya aiko a ce mini yana son ya gwada, na aika masa cewa akwai sauran gyara. Sati uku ina ja masa rai, ina jin daɗin abin har cikin ƙashina. Jira nake ranar da jama'a za su taru.

Ranar ta zo da 'yar ƙanwar Inna ta haihu a Ƙonni. Ana gobe suna dangi suka shirya, kusan mutum goma sha biyar. Watan zafi ne, irin wanda ko kaza ba ta fita tsakar gida. Tun hantsi na kunna mota a ƙofar gida, na shiga na kira Inna kafin kowa ya fito. Ta yi ta noƙewa, na yi ta lallashi, har ta shiga ta zauna a gefen kujera kamar baƙuwa. Na rufe mata ƙofa. Ta miƙa tafin hannu ga iskar, ta juya bayansa, ta sa a kumatunta, sai ta yi dariya.

"Kai wanga, ashe haka masu kuɗɗi ka ji? Awa cikin randa."

Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Rabon da in ga wannan dariyar tun Baba na da rai.

Can sai ga Bappa ya ɓullo daga lungu, cikin babbar riga ta shadda ta sha bugu, da 'yar ciki, da rawani. Mutanen majalisarsa na biye da shi, don ya gaya musu yau zai shiga motarsu mai sanyi. Na fito na tsaya a gaban mota, na gyara murya, kalmomina na bakin harshe. Ban ankara ba na ji ƙarar ƙofa a bayana. Inna ce ta sauko. Ta rusuna ta gaishe shi, ta ce, "Bisimilla, Yaya, na ɗan riƙe maka wurin ne," ta zagaya ta taka taya ta hau baya.

Ban san lokacin da na shiga mota ba. Bappa ya tattare riga ya zauna, ya ja numfashi ya ce alhamdu lillahi, ya ɗaga wa abokansa hannu ta cikin gilashi. Na bar shi ya sha sanyin har muka hau kwalta. Daga nan na sa gwiwa na tura maɓallin, iska ta ɗauke.

"Mi ya hwaru?"

"Hutawa shikai, Bappa. Yanzu shi dawo."

An ce rama cuta ga macuci ibada ne. Ranar na yi ibada da gaske. Ɗakin da muka toshe kowace kafa tasa ya fara ɗaukar zafi, rana ta sama, inji ta ƙasa. Ni riga ɗaya ce a jikina, kuma na yarda in ƙone in dai tare za mu ƙone. Gumi ya fara bin gemunsa, shaddar ta jiƙe ta manne. Ya lalubi abin murɗa gilashi, ya murɗa, ya yi ta juyawa a banza. Abin dariyar shi ne duk ƙauyen da muka ratsa sai ya miƙe zaune ya ɗaga wa mutane hannu, kada a ce ba sanyi yake sha ba. Ni kuwa na rage gudu, ina bin kowane rami a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ya warware rawani. Ya cire hula. Ya ce in tsaya in duba abin, na ce in an tsaya a rana inji zai tafasa. Ya koma numfashi da baki buɗe. Na saci kallonsa, na ga leɓensa ya bushe ya yi fari, kuma wallahi daɗi na ji. Ba zan yi ƙarya ba tun da na ɗauki alƙalami.

Sai da kansa ya fara lilo sannan ya dafa cinyata.

"Ɗana, tsaya. Don Allah tsaya in koma baya."

Wannan maganar na yi shekara shida ina jira. Na gangara gindin wata bishiyar bedi na tsaya, na zagaya na buɗe masa ƙofa. Ƙafarsa ba ta ɗauke shi ba, sai da maza biyu suka tallabe shi suka aza shi kan tabarma a baya, a gaban kowa. Na koma na tura maɓallin, iska ta taso da sanyinta. Na fito na buɗe ƙofar fasinja har ƙarshe.

"Inna, ya gyaru. Sabko ki shiga."

Tana durƙushe kusa da shi, ta jiƙa gefen gyalenta da ruwan gorarta tana ɗora masa a goshi. Ta dubi ƙofar da na buɗe, ta saurari kukan iskar, sannan ta dube ni. Ba wanda ya gane, amma ita ta gane.

"Ya gyaru, ko?" ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji. "To rufe ƙohwakka. Ni ban haihi mai dahwa tsoho da rai ba."

Na rufe. Na tuƙa sauran hanyar ni kaɗai a gaba, sanyi na dukan jiƙaƙƙiyar rigata har haƙorana suka fara haɗuwa, ban kuma kashe ba, don taurin kai.

Bappa bai sake shiga gidan gaba ba. Ya riƙa gaya wa mutane cewa sanyin Nasara bai karɓi jininsa ba. In aka tambaye ni ko na yi nadamar abin da na yi masa, har yau amsata a'a ce, ya ɗanɗana abin da ya ɗanɗana wa wata. Amma Inna ta yi shekara huɗu bayan nan a duniya. Na kai ta suna, na kai ta ta'aziyya, na kai ta asibiti ban san iyaka ba, kuma kowace tafiya sai na buɗe mata ƙofar nan na roƙe ta. Ko ranar da ba kowa a motar sai ni da ita, a baya ta hau.