Kaset ɗin da Yaya Ya Raina

Yayana mutum ne mai tsirfar kunne. A shekarun tamanin, lokacin yana fataucin atamfa tsakanin Illela da Ƙwanni, ya sayo rakoda da wani abin sawa a kunne mai soso, ɗan waje. In ya ɗora shi a ka, ko gobara ake yi sai dai a taɓa shi. Ni ƙanwarsa sau ɗaya ya ɗana mini, na ji har numfashin mai waƙa.

Inna tana da waƙoƙin niƙa da ta taso da su a ƙauyensu Araba, ba wanda ya iya su a gidanmu sai ita. Yaya ya ƙudura zai ɗauke su, amma ba a kaset ɗin kasuwa ba. Ya ce waɗannan shuuu suke yi kamar ana tuyar ƙosai, sai mai baƙin zare da ake kira kurom, wanda wani direba zai kawo masa daga Kwatano.

Inna ta ce, "Kai dai ɗauka da wanga da ag gare ka. Muryar tsohuwa mi taka yi da tsada?"

Ya ce, "Inna, a yi abu mai kyau sau guda."

Kurom ya iso bayan sadakar bakwai ɗinta. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya tafi da ita.

Ni ce na tuna masa da wani kaset ɗin kasuwa da ya gwada rakodar da shi ranar da ya sayo ta. Ya nemo shi, ya sa abin kunnensa. Bai jima ba ya cire, idonsa ya yi ja. Abin nan mai tsada bai ɓoye komai ba: shuuu ɗin, kukan kaji, tarin Yaya, muryar Inna kuwa can nesa kamar daga rijiya.

Na zare wayar abin kunnen don haushi, sautin ya fito ta lasifikar rakodar. Shuuu ɗin ya bi iskar tsakar gida ya ɓace. Sai ga Inna daga wajen madafa, yadda muka saba jin ta ta bayan katanga: "Wa yab bar min ƙyaure buɗe? Awaki za su shigo."

Ba waƙa ko ɗaya, iyakar abin da ya rage mana ke nan, kuma har yau yana yi mini ciwo. Yaya, da gemunsa da komai, ya miƙe ya je ya rufe ƙyauren.