Damin Kara a Gaban Yaya

Bayan girbi mukan yi gayya mu sake rumfar kara ta lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, a Dakoro. Wata shekara ɗan kawuna ya dawo daga Amurka, ya sami inuwa ya zauna cikin farar shadda, yana ba mu tarihin jami'ar da ya gama. Wai 'yantattun bayi suka buga tubalinta da hannunsu, jikokinsu kuma ba su bari ta faɗi ba.

A rumfar nan ya koyi abacada. Ni kuwa ƙaiƙayi ya gama cin wuyana. Na dire dami gabansa na ce, "Yaya, su a zaune suka buga tubalin?"

Ya kakkaɓe shaddarsa ya tafi. Har yau in mun haɗu ba na ce masa sannu da aiki.