Baba Gamaliel, Wanda Bai Goge Sunan Kowa Ba

Kullum da safe, in ya gama shan shayi, Baba Gamaliel kan kunna wata tsohuwar kwamfuta a ɗakinsa na sama a unguwar Longsight ta Manchester. Sai ta yi gurnani kamar injin markaɗe kafin ta farka. Ya zura tsohon faifai a baki ɗaya, sabo a ɗayan, ya kwafe, ya rubuta kwanan wata a jiki, ya mayar cikin kwalin takalmi. Irin waɗannan faya-fayan lalacewa suke yi in an bar su, shi ya sa yake bin su ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa dariya muke masa. Baba Floppy muka laƙaba masa, da sunan irin faifan nan a Turance, kuma ni ma na faɗa da bakina, ba sau ɗaya ba.

A 1986 yana aikin sa kai a wata cibiyar al'umma a Lozells ta Birmingham, inda ake koya wa yara karatu ranar Asabar. Rajistar yaran a faifai take, faifan kuma ba ya ɗaukar abin kirki, don haka duk yaron da ya bar cibiyar sai a goge sunansa a samu wuri. Gamaliel ya zauna ya rubuta wata 'yar manhaja, ya sa mata suna Sabunta. Aikinta ɗaya ne: ta duba faifan ofis, duk abin da ya sauya ta kwafe shi zuwa faifan ajiya. Amma abin da aka goge a ofis, ita ba ta goge shi a ajiya. Manajoji uku sun yi masa faɗa kan ɓarnar faifai, ya ce musu sunan mutum ba shara ba ne. Da aiki ya mai da shi Manchester bai daina ba. Duk wata yakan hau mota ya je ya sabunta, ya dawo da kwafin da kwamitin cibiyar ya damƙa masa.

Sai shekarun tsuke bakin aljihun gwamnati suka zo. Da takarda shafi ɗaya aka rufe cibiyar. Kamfanin da aka ba kwasar kaya ya watsa injuna da faifai da rajista cikin bola a yini guda, ko mutum ɗaya bai tambayi me ke ciki ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Aikin shekara ashirin da bakwai, aka zubar kamar ruwan wanki, masu sa hannu kuma suka tafi cin abincin rana.

Shekara biyu bayan haka wasiƙa daga hukumar shige da fice ta sami Celestina, ɗaya daga cikin yaran cibiyar na dā. Tana da shekara shida aka kawo ta ƙasar nan a fasfon mahaifiyarta, a nan ta girma, a nan take kula da tsofaffi a unguwar Perry Barr ta Birmingham. Wasiƙar ta ce ta tabbatar da zamanta shekara bayan shekara, in ba haka ba ta tattara ta koma ƙasar da ko hanyar gidan kakanta ba ta sani ba. Aka dakatar da ita daga aiki. Mahaifiyar ta rasu, makarantar firamarenta ta zama gidajen haya. Wato hannun da ya zubar da shaida, shi ne ya miƙo yana neman shaida. Ni na raka ta Longsight, kunya kamar ta kashe ni.

"Baba, sun ce in kawo proof na kowace shekara," in ji ta. "Ni ba ni da komai na yarinta, nothing."

Baba ya miƙe. Ya sauko da kwali na huɗu, ya zura faifai, injin ya yi gurnaninsa. Koren rubutu ya fito: Celestina, Satumba 1987, ta yi kuka, ta ƙi cin biskit, uwarta ta zo ta ɗauke ta. Asabar bayan Asabar, shekara tara cur. Tun 1996 aka goge ta a ofis. Ta dafa allon da tafin hannu, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"'Yata," ya ce, "tun ranar kina nan. Ban taɓa cire ki ba."

Lauya ta haɗa takardun da rantsuwarsa, aka sha jan rai wata goma sha ɗaya, sannan aka amince da zamanta.

Kai ne rumbun da muka raina, Baba. Kai ne ka riƙe mu lokacin da masu manyan ofisoshi suka sake mu. Ba wanda ya ba ka lambar yabo, waɗanda suka rufe cibiyar kuwa an ƙara musu girma. Yanzu idonka ya yi rauni, likita ya ce ka rabu da allon. Mun gode, kuma ka yafe mana sunan da muka sa maka.

Ku kuma masu digiri a kan kwamfuta, da ke cika mu da Turanci a wurin biki, ina kuke? Celestina tana hawa mota duk Asabar ta je ta koyi zura faifai, ita kaɗai. Ku je ku kama mata. Sunaye dubu biyu ne a kwalayen nan, irin wasiƙar nan kuma ba ta gama yawo ba.