Sati Shida Ina Magana da Bakin Taubashina

Taubashina mahauci ne a Talata Mafara, ɗan kawuna, kuma kaf danginmu babu mai surutunsa. Tun muna yara yake kirana bawansa. Ban taɓa kayar da shi a baki ba sai shekarar da muka yi haɗarin mota.

Daga Maradun muka taso, mun je ta'aziyya, muka shiga bas. Yana zaune bayan direba, ina gefensa, yana ba fasinjoji labarin wani bijimi da ya tsinke musu a mayanka. Mun kusa gida sai wata akori-kura ɗauke da buhunan gero ta faɗo titi daga hanyar gona. Ƙara kawai na ji. Da na dawo hayyacina hannuna na hagu ya lanƙwashe ta inda babu gaɓa. Shi kuwa haɓarsa ta daki ƙarfen kujera, jini na zuba, yana kallona bai ce uffan ba. Shirun nan ya fi jinin ba ni tsoro. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba.

Ni a asibitin gari aka ɗora hannuna aka naɗe da siminti. Shi sai da aka kai shi Sakkwato, don muƙamuƙinsa ya karye gida biyu. Likita ya ɗaure haƙoransa na sama da na ƙasa da waya, ya ce sati shida ba buɗe baki. Kunu, madara da tataccen romo, su ma ta bututun roba. Ya ba da ɗan almakashi, ko da amai zai taso a yanke wayar. Kawu ya damƙa mini shi, ya ce tunda ni ma ba gona zan je ba, in zauna da ɗan'uwana.

Masu jaje suka yi ta zuwa zaure. Duk wanda ya gaishe shi sai ya yi gurnani, sai a juyo a kalle ni. Wani dattijo abokin kawu ya zo takanas daga Bakura, aka daɗe ana gaisawa, taubashina ya yi gurnaninsa.

"To, mi ya ce?" in ji dattijon.

Na ce, "Baba, ya ce ya gode. Ya ce kuma ashe kunu ya fi nama daɗi, in ya warke zai bar fawa ya koma sayar da koko."

"Ikon Allah! Ɗan gidan mahauta?"

Taubashina ya zazzaro ido, ya fizgi takarda ya rubuta da ajami cewa ƙarya nake yi. Dattijon bai zo da tabarau ba, sai ya miƙo mini.

Na duba na ce, "Ya ce a sa ni cikin addu'a, Baba, ni na jawo shi daga motar yana ta kiran Inna."

Ranar da abokan sana'arsa suka kawo balangu dubiya, na ce musu ya yi mini izini in wakilce shi. A gabansa na cinye, da hannu ɗaya, ina yi masa bayanin yajin.

Duk bayan sati biyu muke komawa wurin likita. Taubashina ya rame, rigunansa suka yi masa yawa. A wata tafiyar direba ya taka birki da ƙarfi saboda awaki, sai na ji ya damƙe gwiwata, gumi ya jiƙe masa wuya. Wata mata a baya ta tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, na bar hannunsa a inda yake har muka isa.

Ranar da aka kwance wayar, bakin da ƙyar ya ɗauki yatsa biyu. Likita ya ce ya gwada magana. Ya nuna ni, muryarsa a dishe, ya ce, "Likita, yaushe za a fara gasa hannun wanga?"

Lokacin an cire mini simintin, gwiwar hannun ta sandare. Duk ranar gashi sai ya bar teburinsa ya raka ni, ya danne mini kafaɗa yayin da ma'aikaciyar asibiti ke miƙar da hannun. In na kurma ihu sai ya ce mata, "Ya ce bai ji komai ba, a ƙara." Da na gaji na ce na daina zuwa, har gida ya zo ya ɗora ni kan babur. Ba don nacinsa ba da hannun bai miƙe haka ba, ko da yake har yau akwai ɗan saura.

Shi kuma muƙamuƙin na yi masa ƙas-ƙas in yana tauna, sai ya yayyanka nama ƙanana. Surutu dai ya dawo da ƙari. Bara da sallah matarsa ta ja ni gefe bayan mun gaisa, ta rage murya ta ce, "Don Allah, likitan nan naku, ba shi da sauran waya?"